Ranar da na sauka a tashar Arsenal

Shekaranjiya na dawo Kano daga Landan, gajiya ba ta gama sakina ba, amma tashar nan ta ƙi fita daga raina. Tun 1999, da Nwankwo Kanu ya koma Arsenal, nake goyon bayan kulob ɗin daga bencin gidan kallo na unguwarmu. Shi ya sa da ɗan yayata da ke karatu a can ya tambayi inda nake son fara gani, ban yi wata-wata ba.

Ranar wasa muka je. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, tarago cike da masu jajayen riguna, har tsofaffi da jikokinsu. Da muka sauka na ɗaga kai, sai na ga an rubuta GILLESPIE ROAD da manyan baƙaƙe a bango. Gabana ya faɗi, na ce mun ɓata.

"Kawu, nan ne," in ji yaron. "Tsohon sunanta ke nan."

Ashe da wannan suna aka buɗe ta a 1906. Sai a 1932 mai horar da kulob ɗin, Herbert Chapman, ya matsa aka sa mata sunan Arsenal, amma ba wanda ya kankare na farkon. Wannan ya burge ni ƙwarai. Mu a gida da zarar an sake wa titi suna, an shafe na da, yaran da suka taso ba su ma san an yi shi ba.

Babu lif, babu matakala mai tafiya da kanta. Doguwar hanya ce mai ɗan tudu take fitar da mutum waje, an kuma tsaga gefenta da shingen ƙarfe, siririn lungu mai cin mutum ɗaya. Na tsaya ina mamakinsa, sai ga wata dattijuwa da jakar cefane tana gangarowa ta ciki hankali kwance, mu dubbai muna haurawa. Domin 'yan unguwa aka yi shi, kada taron 'yan kallo ya tare musu hanya. Wallahi na daɗe ina tunanin wannan. Na tuno yadda Ƙofar Mata ke cushewa ranar babban wasa, 'yan adaidaita sahu da masu ƙafa kowa na neman kansa.

Ƙofar tashar kuwa tsakanin gidajen mutane take, ba wani fili, ba wata kwalliya. Nan masu tebur suka baje mayafan wuya. Na ɗauki ɗaya, fam 10. Na taya 7 kamar yadda na saba a Kwari, mutumin ya fizge kayansa ko kallona bai yi ba. Abin ya yi mini ciwo. Ciniki ai da albarka ake rufe shi, ba da wulaƙanci ba. Na saya a teburin gaba, a dai wannan kuɗi, wurin wata mata mai fara'a.

Tikiti bai samu ba, ko da filin Emirates na cin mutum dubu 60. Muka zaga shi, na ɗauki hoto da mutum-mutumin Thierry Henry, muka leƙa tsohon filin Highbury da aka bari a 2006, wanda yanzu gidajen kwana ne.

La'asar a masallacin Finsbury Park muka yi ta. A titin Blackstock wani ɗan Aljeriya mai gidan abinci ya ji daga Nijeriya nake, ya kawo shayi mai na'ana'a, ya ƙi karɓar kuɗinsa. Gasasshen naman dai na biya, da na lissafa shi a naira sai da na yi shiru.

Sauran kwanakin ruwa da sanyi ne, mun je bakin kogin Thames da gadar Tower. Mayafin yana wuyan autana tun daren da na iso.