Ganye ne kawai, in ji Yaya

Bayan rasuwar Hajiyarmu na yi wata huɗu ban san daɗin barci ba. Abinci sai dai in tura, ɗinkin mutane kuwa ya taru a kan keke har ƙura ta rufe shi. Da maigida ya gaji da jin "ba komai" daga bakina, ya ɗauke ni sai asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mini sertraline, ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 kowace safiya. Ya ja mini kunne cewa sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa sosai, in yi haƙuri.

Haƙurin ne ya gagare ni. Ina cikin mako na uku saƙon yayata da ke aure a Ingila ya iso: turare, takalman yara, da wata 'yar kwalba mai hoton fure ruwan ɗorawa, an rubuta St John's wort a jikinta. Ta kira ni da daddare ta ce, "Ki sha, ƙanwata, ganye ne kawai. Nan ko takardar likita ba a nema, a kanti ake sayensa." Kwalin da takardar da ke ciki na zuba su a shara ko kallo ban yi ba. Na fara da ƙwaya ɗaya, da na ji shiru na mai da ita biyu, ga sertraline ina sha yadda aka ce.

Ranar ta huɗu ina zura zare a allura na ga hannuna yana rawa. Kafin la'asar gumi ya jiƙe mini riga sharkaf alhali ana sanyi, zuciya na dukan uku-uku, cikina ya ɓaci, na kasa zama wuri ɗaya. Maigida ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Surukata ta dubi idanuna ta ce a'a, wannan iska ce, a kira malam. Allah Ya sa muka fara da asibiti, aka yi gwajin jini babu maleriya.

Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne amsar da na ba likitan da ke aiki a daren. Ta ce, "Hajiya, bayan sertraline kina shan wani magani?" Na ce a'a, kuma har ga Allah ban ɗauka ƙarya nake yi ba, don a wurina magani shi ne abin da aka rubuta a kati. Ta haska idona ta ga baƙin ya buɗe, ta kama tafin ƙafata ta tanƙwara sama da sauri, sai ƙafar ta riƙa harbawa da kanta. Nan ta sake tambaya, a hankali: "Tramadol fa? Maganin tari? Jiƙo, gari, ko wani abu da aka ba ki?" Sai maigida ya ce, "Kwalbar Yaya fa?"

Bayanin da ta yi mana bai da tsawo. Sertraline yana ƙara yawan wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira serotonin, ganyen nan ma aikinsa ke nan, in suka haɗu sai abin ya yi wa jiki yawa. Nawa mai sauƙi ne, in ji ta, amma idan ya yi tsanani zafin jiki kan hau, jijiyoyi su sandare, har ya kai ga rai. Ta ce tramadol ma haka yake yi da irin maganina, shi ya sa ta tambaya. Aka dakatar da duka biyun, aka sa mini ruwa da maganin kwantar da jiki. Kwana biyu na yi a gado rawar ta tafi.

Ranar sallama ta ƙara mini wani da ban zata ba. Ganyen yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da wuri, cikinsu har da ƙwayar tazarar haihuwa, da warfarin na masu daskarewar jini, da wasu magungunan ƙanjamau. Ni kuwa ina kan ƙwayar tazara, autana ko yaye bai yi ba. Ta ce tasirin kan ɗauki aƙalla mako biyu bayan an daina, mu kiyaye. Ta kuma ce idan aka mai da ni kan sertraline, kada in yanke shi da kaina don tsoro. Likitana ne ya mai da ni kansa daga baya, kuma a mako na shida na koma kan keke.

Ban daina shan zuma da shayin citta ba, amma yanzu duk abin da ke shiga bakina da sunan lafiya ina zuba shi a leda in kai wa likita ya gani da idonsa. Yaya ta yi kuka a waya, ta ce ita ta ja mini. Na ce mata gargaɗin yana cikin takardar da na zubar, in dai turare ne ta ci gaba da aikowa.