Agogon dashbod da tambayar Kawu

Yau dai na ciro agogon. Tun da motar nan ta zo hannuna hannayensa ke tsaye wuri ɗaya, kuma duk wanda ya zauna kujerar gefe sai ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa gilashinsa, wai ko zai farka. Mita biyar ne jere a gaban direban Porsche 911: ta fetur da yawan man inji a can hagu, ta zafin mai da ƙarfinsa, babbar ta juyin inji a tsakiya, ta gudu, sai agogo a ƙarshe ta dama. Huɗu na aiki, ɗaya ya mutu, ni kuwa idona kan mataccen yake fara sauka duk sa'ad da na shiga.

Batir na fara cirewa, duka biyun. Ƙirar 1972 batir biyu gare ta, ɗaya a kowane gefe na but ɗin gaba, kuma a haɗe suke. In ka cire kan ɗaya ka bar ɗaya, wuta na nan daram a jar wayar agogo, don ba ta bi ta makulli ba. Na ɗage kafet, na cire marufin da ya tare bayan dashbod, na zura hannu ta gefen bututun iska har yatsuna suka taɓo gindin gwangwanin. Babu noti, babu kusa, zoben roba ne kaɗai ke riƙe da shi a raminsa, amma robar ta bushe ta kama. Auta na ciki da tawul a tafin hannu yana jira, ni ina turawa ta baya, nan kaɗan can kaɗan, har ya saki. Ban yarda na sa sukudireba ta gaba na ɓamɓaro shi ba, na ga fuskokin dashbod da yawa da aka yi wa tabo ta haka. Na ɗauki hoton wayoyin kafin na zare su: ja ta wuta, mai ruwan ƙasa da ke komawa jikin mota, sai mazaunin ƙwan da ke haska fuskarsa da dare.

A kan tebur na juya shi. Farin murfin roba ne a baya, ƙananan notuna na riƙe da shi, ɗaya a ƙarƙashin hatimi. Hatimin lafiya lau yake. Wato tun da aka rufe shi a masana'anta a Jamus babu hannun da ya shiga ciki. Wallahi sai da na tsaya na ɗan numfasa kafin na fasa shi.

Wanda bai taɓa buɗe irin waɗannan agogon na kamfanonin VDO da Kienzle ba zai ɗauka lantarki ne ke juya hannayen. Ba haka ba ne. Agogo ne na inji sosai, da haƙoransa na tagulla, da wilin da ke kai da komowa a kan siririn sifirin. Aikin lantarki ɗaya ne tak, ɗaura sifirin da ke jan agogon. Idan ya kusa saki, wasu bakin kwantak biyu, wato 'yan ƙarafan da ke jona wuta, sai su haɗu, wuta ta shiga koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke zama maganaɗisu, maganaɗisun ya fizgi ƙarfe, ƙarfen ya wurga wani hannu baya, sifirin ya ɗauru, kwantak ya rabu. Ƙas! Bayan minti biyu zuwa uku a sake. In ka lissafa, wajen sau 500 zuwa 700 ke nan a rana ɗaya, kuma kowane karo da ɗan tartsatsinsa.

Ban daɗe ina dubawa ba na gano ciwon. Kusa da koyil akwai 'yan harsunan ƙarfe biyu da ya kamata ɗigon dalma ya riƙe su a haɗe. Sun rabu. Fiyus ɗin agogon ke nan. Na sa mita a koyil, da ransa. Murna ta kama ni har na kira Auta ya zo ya gani, ya leƙa ya ce to, ya koma kan wayarsa.

Ana haka sai ga Kawu.

Bai ko zauna ba ya karɓi agogon, ya gyara tabarau, ya kai shi kusa da taga. Shekarun da ya yi yana rewaya sun fi shekaruna a duniya, don haka bai buƙaci bayani ba.

"Dalma ce ta narke," in ji shi. "Jona mini ƙarfen liƙi, yanzu za ka ji yana bugawa."

Ya sa hannu aljihu ya fito da ɗan nannaɗin dalmar da ba ya rabuwa da ita. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba wannan za a sa ba." Ya dube ni ta saman tabarau. Na nuna masa cewa dalmar wurin ta musamman ce, a zafi 120 na ma'aunin Selsiyos take narkewa, tasa kuwa, irin ta gyaran rediyo, sai ta wuce 180. Da gangan aka sa mai saurin narkewa. Idan batir ya yi sanyi, kwantak zai haɗu amma maganaɗisu ba shi da ƙarfin wurga hannun ya raba su, sai wuta ta yi ta kwarara a koyil ba tsayawa, yana ɗaukar zafi. Kafin ya ƙone, ɗigon nan zai narke, harsunan su rabu, wuta ta yanke. In aka sa mai tauri, ranar da batir ya sake sanyi koyil ɗin ne zai tafi, wataƙila har da abin da ya fi koyil, tunda bayan dashbod wayoyi ne cunkushe.

"Na sani," ya ce. "Kai kana ganin ban sani ba? Amma gyaran da zai sake lalacewa, gyara ne?"

Na ce ni a wurina gyara ne, tunda haka aka ƙera shi.

Ya ajiye agogon, ya jawo kujera. Daga nan na san maganar za ta yi tsawo. Ya ce in dai ina son agogo mai nuna lokaci, in kwashe kayan cikin nan duka in sa injin kwaz, irin na agogon zamani mai tafiya da lantarki zalla, a bayan wannan fuskar, da waɗannan hannayen, babu mahaluƙin da zai gane. Ya ce kwaz ba ya cin wuta sai kaɗan, ba ya tartsatsi, zafi ko sanyi ba sa canza masa tafiya sosai. Ya ce su kansu masu motar ai sun bar wannan tsarin sun koma kwaz tun cikin shekarun 1970, bayan tawa da kaɗan. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Agogon inji a cikin mota, ga jijjiga ga zafin rana, in ya yi kuskuren minti ɗaya ko biyu a mako ma ya yi ƙoƙari.

Na ce, "Kawu, lokaci ai yana wayata. Wannan ƙas ɗin nake so in ji."

Ya yi dariya, amma ba ta raini ba. Ya ce ya tuna ƙarar, a da in mota na ajiye a gareji da dare har daga waje kana jin ta. Sai kuma ya yi shiru, yana juya farin murfin a hannunsa. Can ya ce:

"Ɗana, me ya narkar da dalmar nan tun farko?"

Na ce batir ne ya yi sanyi a hannun wanda ya riƙe ta kafin ni.

"Me ya sanyaya batir?"

Na ce ajiya.

"To kai yaushe rabonka da ka fita da ita? Ba zagayen layi nake nufi ba, a fita har mai ya yi zafi."

Ban ba shi amsa ba, shi ma bai jira ba. Ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Ya ce wanda ya zana agogon nan ya zana shi ne da tunanin mai motar zai tashe ta kowace safiya, altaneta ta mayar wa batir abin da agogo ya sha da dare. Ya lissafa mini abin da ajiya ke yi wa mota, kuma na san kowanne: robobin mai su bushe su fara ɗiga, birki ya kama, fetur ya lalace a tanki, taya ta kwanta ta gefen da take zaune. Ya ce agogon ne kawai ya fara faɗa da baki.

Duk da haka shi ya riƙe mini hantsaki. Da muka duba da gilashin ƙara girma, sai ga tsohuwar dalmar nan maƙale a jikin harshe ɗaya, ba ta zube ba. Kawu ya matse harsunan biyu, ni na rage zafin ƙarfen liƙi na taɓa wurin taɓawa ɗaya, ta narke ta koma mazauninta. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Bakin kwantak ɗin sun yi baƙi sun yi 'yan ramuka, shi ya goge su da kansa, a hankali, yana cewa daidai suke da kwantak na distiributa, cin su da yawa ɓarna ne. Tsohon man da ke kan haƙora ya daskare ya zama danƙo. Na wanke shi, na sa man agogo da bakin allura a mazaunin sandunan kaɗai, haƙoran ba a shafa musu. Kawu ya kawo shawarar a ɗaura ƙaramin dayod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, a kan koyil don ya shanye tartsatsin, kwantak ya ƙara kwana. Wannan na karɓa da hannu biyu, tunda ba ya canza komai a aikin agogon kuma ana iya cire shi. Ba mu da shi a akwati, sai an nemo.

Muka jona shi da batir mai volt 12 a kan tebur. Ƙas! Wilin ya yi jim, na hura masa iska kaɗan, ya kama lilo. Kawu ya duba nasa agogon hannu ya zauna yana jira har ƙas na biyu ya zo, sannan ya miƙe, ya mayar da dalmarsa aljihu, ya ce in gaida mutanen gida.

Da ya tafi ne abin ya sauko mini. Na zata yau ranar farin ciki ce zalla, ga hatimi ba a taɓa ba, ga koyil da rai, ga agogo na tafiya. Amma tambayarsa ta ƙi barina. Tun da na samu motar nan aikina ke nan, in cire wannan in gyara, in goge wancan in mayar, in ja mayafi in rufe ta. Kowane gyara sai na ce bayan shi za a fara fita. Yanzu ga ni na tashi abu ɗaya tilo a jikinta da ba ya hutawa ko an zare makulli, zai yi ta tsotsar batir dare da rana, kuma in ban canza komai ba, ƙarshensa wannan ɗigon dalmar zai sake narkewa, a hannuna wannan karon.

Hanyoyin na san su. In sa caja mai ɗiga wa batir wuta kaɗan-kaɗan, in bar ta a jone. Ko in sa makunnin yanke batir, amma sai agogon ya riƙa tsayawa duk sa'ad da na ajiye ta, in zo ina saita shi kafin kowace fita, to mene ne amfanin wahalar yau? Caja za ta yi maganin agogo, ba za ta yi maganin birki da robobin mai ba. Kawu bai ce in sayar da ita ba, bai ce na yi laifi ba. Tambaya kawai ya yi, shi ya sa ta fi zafi. Ina son motar nan ƙwarai, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa lallaɓa ta da nake yi zai iya zama cuta a gare ta ba. Tsoro ne, in faɗi gaskiya. Tsoron wani ya goge ta a hanya, tsoron wani abu ya karye wanda samunsa sai an sha wuya.

Kwaz dai ba zan sa ba. A kan wannan ban motsa ba.

Zoben robar ya tsage ta gefe, sai sabo. Ƙwan fitilar ya yi baƙi, na canza. Gilashin na da hazo ta ciki, amma kafin a kai gare shi sai an buɗe lanƙwasar zoben gaba, wannan kuwa na bar shi, ba na so in ɓata bakinsa.

Yaya ta kira da yamma, na ba ta labari, ta ce Kawu ai haka yake, ba ya faɗar magana sai wadda za ta kwana da mutum.

Agogon zai zauna kan tebur 'yan kwanaki a jone, in riƙa gwada shi da na waya. Zuwa dare ya riga ya fara gudu, don haka gobe zan ɗan juya sukurun saitin da ke bayansa zuwa wajen alamar ragi, kaɗan ƙwarai, in sake ba shi yini. Na tura wa Kawu saƙo na tambaye shi ko yana da sarari ranar Asabar ya zo mu duba birki tare, in ya yi kyau mu hau babbar hanya. Bai amsa ba tukuna.