Yadda na zaɓi manhajar taswira don farauta

Ba tsoron ɓata ne ya sa na fara neman manhajar taswira ba, domin dajin da nake shiga na san shi gwargwado. Abin da ya dame ni shi ne mantuwa. Sai in ci karo da mashaya cike da sabon sawu, in ce a raina ai ba zan manta da wannan wurin ba, amma in na dawo bayan ciyawa ta tashi sai ko'ina ya zama iri ɗaya. Ga kuma batun iyaka: inda aka yarda a yi farauta da inda aka hana, sau da yawa babu shinge ko allo a tsakaninsu.

Kafin in gwada ko guda, sai da na fahimci cewa GPS daban, taswira daban. GPS taurarin ɗan Adam ne na Amurka, aƙalla 24, suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Waya ba ta aika musu da komai, sauraro kawai take yi, kuma da zarar ta ji huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa inda take. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. Duk wannan ba ya bukatar sabis ko data. Taswirar ce ke zuwa ta intanet. Shi ya sa mutum zai shiga daji, sabis ya ɗauke, ya ga shuɗin ɗigon da ke nuna shi yana nan daram, amma a kan allo fari fat, babu rafi babu tudu. Waya ta san inda kake, kai ne ba ka sani ba.

Don haka gwajin da na yi wa kowace manhaja guda ne, kuma a gida na yi shi. Na sauke yanki ɗaya a dukkansu, na sa wayar a yanayin jirgin sama, na kashe ta na sake kunnawa, sannan na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kashewar nan da kunnawa ita ce sirrin, saboda manhaja takan riƙe abin da ka kalla yanzu-yanzu ta yaudare ka cewa ta ajiye shi. Wata daga cikinsu ta ce sai na sake shigar da kalmar sirri, abin da ba ya yiwuwa babu intanet. Wata ta buɗe, amma ina matso da hoton kusa sai ya dagule, ashe sama-sama ta sauke. Waɗannan na goge su nan take, duk da ɗaya a cikinsu ta fi sauran kyan gani.

Google Maps na bar ta a wayar don aikinta: ta kai ni bakin daji. Yankin da ake saukewa a cikinta hanyoyi ne da sunayen wurare, ban da hoton tauraron ɗan Adam, kuma maharbi ba kan titi yake tafiya ba.

Manhajojin da aka fi yi wa talla da sunan farauta na Amurka ne, irin su onX Hunt da HuntStand. Kamfanin onX ya fara ne a jihar Montana a 2009, kuma ƙarfinsa shi ne nuna iyakar filin gwamnati da na masu zaman kansu, har da sunan mai fili, daga bayanan hukuma. Ga wanda ke farauta a can, wannan babban abu ne, domin taka filin wani babu izini laifi ne. Amma bayanan na can ne. Wanda yake wata ƙasa ya fara duba ko manhajar tana da iyakokin yankinsa kafin ya biya, in ba haka ba ya sayi abin da bai shafe shi ba.

Sai na koma kan na gama-gari, waɗanda aka yi wa masu yawon daji da hawan dutse: Gaia GPS, OsmAnd, Locus Map da Avenza Maps. OsmAnd tana amfani da OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai suke zanawa tun 2004. Amfaninta shi ne ba ta cin wuri sosai a waya, kana iya sauke ƙasa sukutum. Rauninta kuma daga tushenta ne: inda masu zane suka yi yawa za ka ga har 'yar turbar ƙafa, inda babu su kuwa sai koren fili kawai. Ita Avenza salonta daban ne, tana buɗe taswirar PDF mai ɗauke da lambobin wuri ta ɗora ka a kai. Idan hukumar gandun daji ta fitar da taswirarta a wannan sigar, to ita ce mafi kusa da iyakar da jami'i zai yi maka hukunci da ita.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne hoton sama da layukan tudu. Da farko hoton ne ya ɗauke min hankali, don kana ganin bishiyoyi da tafkuna kamar kana shawagi. Sai dai hoton yana iya kai shekaru da ɗauka, kuma ba lallai a lokacin da kake farauta aka ɗauke shi ba. Na taɓa taka sayyada zuwa wani tafki da ke sheƙi a allo, na tarar da busasshen laka. Kurmin da ke hoto ma wataƙila an sare shi. Tudu da kwari kuwa ba sa ƙaura. Layukan nan da ke zagaye juna, in sun matsu gangare ne mai tsanani, in sun buɗe fili ne. Da su nake gano 'yar sirdin da ke tsakanin tuddai biyu, inda dabba ta fi son tsallakawa don ita ma ba ta son wahala. Da su kuma nake hasashen iska: da safe in rana ta gasa gangare iska takan hau sama, da yamma in ƙasa ta huce ta gangaro kwari da warinka. Amma a sani, yawancin layukan kyauta sun samo asali ne daga awon da kumbon Endeavour ya yi a watan Fabrairun 2000, wanda kowane ɗigonsa ya kai kusan mita 30. Ƙaramin kwazazzabon da zai tare ka ba lallai ya fito ba.

Hasashen iskar da wasu manhajoji ke tinƙaho da shi bai burge ni ba. Yana bukatar intanet, kuma na yanki ne mai faɗi. 'Yar ƙurar da zan saki daga hannuna ta fi shi sanin abin da ke faruwa a gindin dutsen da nake tsaye.

Game da daidaito, waya a sarari takan yi kuskuren kusan mita 5. Ƙarƙashin manyan bishiyoyi ko a gindin dutse abin ya fi haka, saboda saƙon yana karo da abubuwa kafin ya iso. Wayoyin da ke karɓar zango biyu, wato har da wanda ake kira L5, sun fi dama-dama, kuma sun fara fitowa ne a 2018. Wannan aikin waya ne, canja manhaja ba ya gyara shi. Saboda haka ba na tsayawa daf da layin iyaka in ce allo ya ba ni gaskiya, nakan bar tazara mai kyau.

Sa alama kuwa na gwada ta da hannu ɗaya, ina tafiya, yatsa da gumi. Manhajar da sai na latsa wuri biyar kafin ta ajiye alama ba ta san daji ba. Lokacin da wannan ya fi muhimmanci shi ne bayan harbi: alama a inda na tsaya, alama a inda dabbar take, sannan a kowane jinin da na gani. In sawu ya ɓace sai in koma ta ƙarshe, in dubi layin da alamomin suka ja, maimakon in yi ta kewaye ina tattake shaidar da ƙafata.

Alamomin nan su ne dukiyar, ba manhajar ba. Don haka sharaɗina na biyu, bayan yin aiki babu intanet, shi ne ta bar ni in fitar da su a fayil ɗin GPX, wanda kusan kowace manhaja da na'urar GPS ta kamfanin Garmin ke karantawa. Na kuma kulle su kada su bayyana ga jama'a. A 2018 taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin masu motsa jiki ta fallasa fasalin sansanonin soja, balle mashayar da na sha wuya kafin in gano.

Akwai wani tarko in kana tura wa abokin farauta wuri. Ana rubuta lambobin wuri ta hanya fiye da ɗaya. Digiri 11.30 daban yake da digiri 11 da minti 30, tsakaninsu ya kai kusan kilomita 22. Ni da abokan tafiyata mun daidaita wayoyinmu a kan salo ɗaya tun daga gida.

Batir kuwa allo ne ke shanye shi, sai neman sabis ɗin da babu. Ina barin wayar a yanayin jirgin sama, in rage haske, in riƙe fawa bank. Kamfas ɗin waya yana rikicewa kusa da ƙarfe, har da bakin bindiga da jikin mota, don haka nakan ja baya kafin in duba shi, kuma akwai na hannu a aljihuna.

A ƙarshe biyu na riƙe. Ɗaya mai OpenStreetMap da layukan tudu, ita ke ɗaukar sawuna tana ajiye alamomi. Ɗayar ta hoton sama ce, wadda nake biya duk shekara. Kafin in biya sai da na karanta abin da zai faru da taswirorin da na sauke in kuɗin ya ƙare, domin a wasu manhajojin rufewa suke yi, kuma ranar ƙarewar tana iya faɗawa tsakiyar lokacin farauta. Na rubuta ranar a kalanda, kuma duk ƙarshen wata ina kwafe fayil ɗin GPX zuwa kwamfuta.