Yadda nake fama da hancina a lokacin hunturu

Ni direban adaidaita sahu ne a Kano, kuma duk mai wannan sana'a ya san abin da hancinsa ke shaƙa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zo ta haɗu da ta titi da hayaƙin salansa. Abin da ke biyo baya a wurina bai taɓa canjawa ba: atishawa a jere da asuba, hanci na tsiyayar ruwa fari, ido na ƙaiƙayi, maƙogwaro kamar an zuba yashi.

Mutanenmu duk mura suke ce masa. Likitan da ya duba ni ne ya bambance min. Mura ƙwayar cuta ce, takan zo da zazzaɓi da ciwon jiki, ta tafi cikin mako guda zuwa kwana 10. Nawa alaji ne, jikina ne ba ya shiri da ƙura, shi ya sa yake ɗaukar wata da watanni ba zazzaɓi. Kafson da ake saya a kemis kuwa ba ruwansa da wannan, asarar kuɗi ce kawai.

Tun daga nan nake fara shiri a ƙarshen Oktoba, kafin hazo ya sauko. Babban makamina ruwan gishiri ne. Nakan tafasa ruwa in bar shi ya huce, in zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya. Sai in sunkuya, in karkatar da kai, in tura ruwan da sirinji marar allura ta kafar hanci ɗaya, ya fito ta ɗayar. Ranar farko ba daɗi, sai ka ji kamar ka shaƙi ruwa a kogi. Amma in ka ga kalar abin da ke fitowa bayan yini guda tsakanin Kurna da Bata, ba sai an roƙe ka ka maimaita ba. Tafasawar dole ce, kada a ɗebo daga randa kai tsaye. In na gama sai in ɗan shafa man kaɗanya a bakin hanci saboda bushewa. A kan hanya kuma takunkumi ba ya barin fuskata, ko da fasinja zai yi min tsiya wai korona ta wuce.

A gida uwargida kan yayyafa ruwa kafin shara, ta goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma. Maganin sauro na hayaƙi mun bar shi, mun koma gidan sauro. Turaren wuta ne dai har yau ba mu gama shari'arsa ba. Mun tsaya a kan ta turara ɗaki in na fita.

Batun magani, Piriton yana aiki amma yana sa barci, kuma mai tuƙi da barci ba sa haɗuwa. Loratadine aka ba ni, ƙwaya ɗaya a rana. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin, shi ne tarko: in ya wuce 'yan kwanaki, hancin toshewa yake ƙara yi. Akwai abokin aikina da yanzu ba ya iya barci sai da kwalbar a ƙarƙashin matashi.

Haɓo kuma yarona ne ke yi. A da ɗaga kai sama ake sa yaro, jinin ya bi maƙogwaro ya sa shi amai. Yanzu zaunar da shi nake, ya ɗan sunkuyo, in matse tattausan wurin hancin minti 10 ba sakewa, yana numfashi ta baki.

Kunne ma yakan yi dum idan hanci ya toshe, domin akwai 'yar hanya da ta haɗa su ta ciki. Sakace shi da tsinken ashana ko auduga ba ya buɗe shi, sai dai ya ƙara tura dauɗa ciki. Hancin ake gyarawa. In kunne ya fara ciwo ko ruwa, sai asibiti; a Kaduna ma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya kuwa ba na ruwan gishiri ba ne. Lokacin ƙura lokacin sanƙarau ne, a ranar ake kai mutum.