Yadda na haɗa littafin malamai daga ƙauye

Ni aka ɗora wa sakataren kwamitin editoci na wani littafin maƙalu da malaman sashenmu suka haɗa don karrama wani dattijon farfesa da ya yi ritaya, kuma kusan duk aikin daga gida na yi shi, ƙauyenmu nan tsakanin Ringim da Taura, inda sabis sai ka fita bakin titi, cajin kwamfuta kuma sai wajen mai sola.

Mutane suna ɗauka gyaran rubutu ne aikin. Gyaran kaɗan ne wallahi, yawanci bin mutane ne. Maƙala ta shigo, ka cire sunan mai ita ka tura wa masu tantancewa biyu da ba su san ko waye ba, shi ma bai san su ba, sai ka zauna jira. Mai maƙala kuwa kullum yana kira don yana son takardar shaidar karɓa ya saka a fayil ɗin ƙarin girma, mai tantancewa kuma farfesa ne da ya koyar da kai, ba dama ka ce masa ya yi sauri. Sai dai ka kira ka ce "Allah ya gafarta Malam, ya iyali, ya ƙoƙari, babban edita ne ya ce in gaishe ka in ji ko an samu dubawa". Da sunan babban edita ake karɓar aiki, da sunanka kai ƙaramin malami sai dai a ce maka insha Allah.

Abin da ya riƙe ni shi ne littafin rajista na takarda, irin na 'yan makaranta. Kowace maƙala da lambarta, ranar da ta shigo, wa ke dubawa, ta dawo ko ba ta dawo ba. Kuma na kafa doka, gyara ta imel kawai, saboda wani zai turo ta WhatsApp da daddare ya ce wannan ce ta ƙarshe, gobe ya sake turo wata ta ƙarshen.

Inda na fi shan wuya haruffa masu lanƙwasa ne, ƙ da ɗ da ɓ. Manyan malamanmu da yawa har yanzu da tsofaffin font, wato salon haruffan kwamfuta, irin su Rabiat da Abdalla suke bugu, a kwamfutarsu lafiya lau, amma da ka buɗe a wadda ba ta da font ɗin sai ka ga baka-baka da wasu alamomi sun maye gurbin haruffan, ƙasa ta zama wani abu daban. Dole na bi maƙalun Hausa ɗaya bayan ɗaya na mayar da su Unicode, tsarin haruffan da kwamfutoci suka yi tarayya a kai, sannan madaba'a PDF kaɗai na ba su. Manazarta ma haka, wato jerin littattafan da marubuci ya duba, an ce kowa ya bi tsarin jera su da ake kira APA, rabi ba su bi ba, wani ya ambaci littafi a ciki babu shi a ƙarshe.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa ake samunta, lamba 13 ce, kuma a nema da wuri tun kafin a kammala bango. Dokar 1970 ta ce mawallafi mai zaman kansa ya kai musu kwafi 3 bayan bugu, mutane da yawa suna mantawa da wannan. Wasu abokanmu sun bi ta TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da ke da tallafin mayar da rubutun malamai littafi, mu karo-karo muka yi.

A madaba'a a Kano na koyi cewa shafuka 16-16 ake bugawa a naɗe, don haka in littafinka ya ɗara da shafi biyu kuɗin takarda ya ƙaru. Muka rage hotunan walima, ya zauna daidai. Kuma kar ka yarda a yi faranti, wato fallen da ake ɗora wa injin bugu, sai babban edita ya sa hannu a kan samfurin da aka fitar, shafi-shafi, musamman sunayen marubuta da muƙamansu, don Dakta da ya zama Farfesa ana cikin aikin ba zai yafe maka ba.