Sallama a karofin Ƙofar Mata

Yau a karofin Ƙofar Mata da ke Kano na ga wani mai yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora ya zo sallamar marina, littafin bashi a hannunsa. Ƙarshen wata zai rufe harkar. Sai da ya biya kowa kuɗin yadin da baƙinsa suka ɗauka, sannan aka shafa fatiha. Abin ya taɓa ni, don tsarin da ya bi shi ne daidai: a daina karɓar sababbin baƙi, a mayar da kafin alƙalamin waɗanda suka kama gurbin kallon Hawan Daushe, a sallami direba, sai daga ƙarshe a rufe asusun banki a sanar da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Wanda ya fara da rufe asusu yakan rasa shaidar mayar da kuɗin mutane, nan rigima ke tashi. Lambobin wayar tsofaffin baƙi kuwa amana ce, ba a miƙa wa wani jagora sai da yardarsu.

Wani dattijo cikin marinan ya ce, "To ɗana, yanzu wa zai riƙa biyo mana da su daga Dala da Kurmi?" Har na iso gida ina tunanin dattijon nan da rijiyar rininsa.