Abin da Mai Renon Tsirrai Ke Dubawa Kafin Ya Ƙara Ruwa

A sana'ar renon tsirrai, yawancin shukar da masu saye ke dawo mana da ita a mace ba ƙishirwa ce ta kashe ta ba, ruwa ne ya yi mata yawa. Mai ita ya ga ganye ya yi yaushi sai ya ƙara ruwa, da bai ga sauyi ba ya bi da taki, alhali duka biyun ƙara mata ciwo suke yi.

Taki ba shi ne abincin tsiro ba. Ganye ne ke haɗa abincin da kansa. Yana shaƙar iskar kabon-dayoksaid ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, saiwa ta turo masa ruwa, sinadarin kulorofil, wanda shi ne korensa, ya kama hasken rana. Daga nan sukari ke samuwa, iskar oksijin ta fita. Aikin taki shi ne kawo ma'adinan gina jiki, irin su naitirojin da fosfaros da fotasiyam. Shukar da aka ajiye a lungu mai duhu, ko buhun taki aka juye mata, sai dai ta yi tsawo siririya, ta yi fari, ta karkata wajen taga.

Inda mutane ke mantawa shi ne saiwa ma numfashi take yi. Sukarin da ganye ya aiko mata ba zai zama ƙarfi ba sai da oksijin, dare da rana, kuma a tsakanin ƙwayoyin ƙasa take samun wannan iska. Idan ruwa ya kwanta, ya kori iskar, ƙananan saiwoyi masu kama da gashi su ne ke fara mutuwa, kuma su ne masu shan ruwan. Sai ka ga tsiro yana yaushi a cikin caɓi. Zare shi daga ledar da aka shuka shi a ciki ka duba. Lafiyayyiyar saiwa fara ce, mai tauri. Ruɓaɓɓiya takan yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, tana wari, idan ka ja ta da yatsu biyu ɓawonta ya saɓule ya bar zare. Shi ya sa muke haɗa ƙasar leda kashi 2 ƙasar gona, kashi 1 yashi, kashi 1 takin da ya gama ruɓewa, mu huda gindin ledar wuri 4 zuwa 6. Kafin ban ruwa a tura yatsa kamar santimita 3. In da laima, a bari sai gobe.

Yaushin tsakar rana bai cika zama abin damuwa ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da tsiro ya sha ta ganye yake ficewa, to idan zafi ya yi yawa sai ƙofofin su rufe, ganye ya sunkuya. Da asuba ake gane gaskiya: wanda ya miƙe lafiyarsa ƙalau. Saboda wannan asarar ruwa ne ake rage ganyen reshen da aka yanko don dashe, a yanke rabin manyan, a rufa masa farar leda a inuwa, tunda ba shi da saiwar da za ta mayar masa da abin da ya fita.

Ganye mai rawaya ma iri-iri ne. Idan tsofaffin ƙasa suka fara, yawanci naitirojin ne ya gaza. Idan sababbin sama ne suka yi rawaya amma jijiyoyinsu na nan kore, sinadarin ƙarfe ne ya gaza. Ƙonewar bakin ganye bayan sa takin zamani kuwa alamar an cika hannu ce, gishirinsa na zuƙe ruwa daga saiwa.

Sauran aikin shi ne sanin inda kowace shuka ta fito. Alobera da kaktus da abarba da dare suke buɗe ƙofofinsu, su adana iskar har rana ta fito, don haka ruwa kaɗan ya ishe su, a bar ƙasarsu ta bushe ƙayau tsakanin ban ruwa. Bado da shinkafa suna da hanyoyin iska a cikin jikinsu daga ganye har saiwa, shi ya sa kwanciyar ruwa ba ta shaƙe su. Bado ma a saman ganyensa ƙofofin suke, tunda ƙasan na kan ruwa. Shuke-shuken ado masu faffaɗan ganye mai laushi kuwa, da yawansu 'yan ƙarƙashin manyan bishiyoyin kurmi ne, rana ɗaya tak a fili tana iya toye su.

Ko tsiron da ke son rana, in a inuwa aka rene shi, ba a fitar da shi kai tsaye. Ana fara ba shi hantsi na awa 2, a riƙa ƙarawa kullum har kwana 7 zuwa 10, sannan a dasa shi da yamma, a ba shi ruwa nan take don ƙasa ta manne da saiwa.